Ranar da Baffana Ya Daina Yi Mini Dariya

Shekarun baya, kai, baya can, zamanin da mota ta fara ratsa Damargu ta hanyar Agadas har matan garinmu suka watsar da tuluna suka shige daji suna salati, ina ɗan shekara goma sha shida ko kusa da haka. Kar wanda ya tambaye ni takarda, ba wanda ya rubuta.

Garinmu wani ƙauye ne kusa da Ollelewa. Mutanensa Dagirawa ne, wato dangin Barebari, manoman hatsi, kowa da zanensa a kumatu. Mahaifiyata tasu ce. Mahaifina kuwa Bafulatani ne da ya biyo shanu ya ga mahaifiyata a bakin rijiya ya manta hanyar gida. Ya rasu a babbar yunwar nan ina ƙarami, mahaifiyata ta jawo ni muka dawo gidan wanta, wato kawuna. Ba a yi mini zane ba, don lokacin da ya kamata a yi muna can cikin daji. Sai na tashi a gari fuska fayau, ga dogon hanci, ga ƙafafu kamar karan da aka manta a gona. In muka yi faɗa da yaro, kafin ya kai mini naushi sai ya fara kai mini "Fillo". Wallahi na fi son naushin.

To, ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. Tsakanin Babarbare da Bafulatani akwai wasa, irin na taubasai. Ka tare dattijo mai furfura ka ce masa bawanka ne, ka cire masa hula, ka ɓoye masa takalmi sai ya fanshe shi da nono, ba mai cewa ka yi rashin kunya. Shi ma ya rama yadda ya ga dama. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ni da na ga ana so a tura ni wancan ɓangaren, sai na ce bari in nuna wa garin nan waye Badagiren gaske. Na zama sarkin tsokanar Fulani. In rani ya yi suka zo ban ruwa a rijiyarmu, har manya sukan bar inuwa su zo kallo. Kawuna shi ne mai dariyar da ta fi ta kowa ƙarfi. Ku riƙe wannan, don mutumin nan zai ba ku mamaki.

Wata rana da hantsi muna bakin rijiya, sai ga wani dogon tsoho da jajayen shanu masu ƙaho kamar rassan gawo. Ga malfa, ga sanda a kafaɗa, yana tafiya kamar ƙasar ta kakansa ce. Abokina, wanda kullum shi ke hura wuta ya koma gefe yana jin ɗumi, ya zungure ni.

"Ga naka nan ya zo. Ko yau bakin ya mutu?"

Na miƙe na tare tsohon. Na ce, "A'a! Bawana, kai ne? Ina ka shige shekara da shekaru, ba gaisuwa ba nono? Durƙusa ka gai da ubangijinka."

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya fashe da wata irin dariya. Jama'a, na ji dariya a duniya, amma ban taɓa jin irin ta mutumin nan ba. Daga ciki take tasowa kamar guga ya faɗa rijiya, sai ta fito da ƙarfi har shanunsa su ɗago kai.

Ya ce, "Babarbare, wa ya wanke maka fuska? Ko wanzamin garinku ya sayar da askarsa ya sayi daddawa?"

Aka kwashe da dariya. Na ji zafin wannan, don ya taɓa inda ke ciwo. Sai na ƙara wuta. Na ce ƙafafun nan nasa ne ko aro ya yi wajen zalɓe? Na fizge malfarsa na ɗora a kaina ina kwaikwayon tafiyarsa. Na ce, "An ce ranar da aka haife ka ubanka ya tambaya, namiji ne ko mace? Aka ce namiji. Ya ce shi fa saniyarsa yake tambaya me ta haifa."

Har da masu kwanciya a ƙasa. Tsohon na share hawaye ya ce, "Kai, wannan bawa nawa da baki yake. Ɗan wane ne a garin nan, in je in saye shi?"

Nan abokina, Allah ya yafe masa don ni har yau ina tunani, ya buɗe baki ya faɗi sunan mahaifiyata. Ya ƙara da cewa, "Ai ubansa ma irinku ne, baba. Wanda ya mutu da yunwa."

Dariyar tsohon ta tsaya cak. Ya miƙo hannu, ban san lokacin da na ba shi malfar ba. Ya shayar da shanunsa, ya kora su ya tafi.

Da la'asar na dawo gida ina fito, sai na tarar da tabarma a ƙofar gida, kawuna a gefe guda, tsohon nan a gefe guda. Mahaifiyata na daga cikin zaure tana kuka a hankali. Ashe yayan mahaifina ne. Baffana. Shekaru yana tambayar inda muka shiga. Ranar sunana mahaifina ya ba ni karsana, kamar yadda suke yi, kuma duk shanun da yunwa ta kashe ita ba ta mutu ba. Ta girma ta hayayyafa, ita da 'ya'ya da jikoki sun zama biyar. Mutumin nan ya yi ta kiwon su ba tare da ya sayar da ko ɗaya ba, ya zo ya miƙa wa ɗan ƙanensa.

Ya ce wa kawuna, ko kallona bai yi ba, "Na zo neman ɗan ƙanena, na tarar da Babarbare. Babarbare kuwa nono ake ba shi a ƙwarya, ba a ba shi saniya."

Kawuna ya ce ai dukiyar maraya ce, ko gaban alƙali aka je ta yaron ce.

Baffana ya ce, "To a kira alƙalin ya zo ya koro su. In sun bi shi, shi ke nan."

Da ya tashi, kawuna ya juyo kaina. Wannan kawun da ke riƙe ciki a bakin rijiya yana cewa a ƙara! Ya kama kunnena kamar zai cire shi ya kai kasuwa.

"Duk Fulanin da ke Damargu ba ka ga na zagi ba sai yayan ubanka? Uban da ka ce ya fi son saniya, ka san waye? Kakanka ne, shashasha!"

Na ce, "Kawu, ai kai ma ka yi dariya jiya da na yi wa wancan mai tumakin."

"Ni Badagire ne! Ni in na yi wasa ne. Kai in ka yi rashin kunya ce."

Na ce, "To ni mene ne?"

Ya ce in rufe masa baki. Kun ji fa. Shekara goma sha ina cin tuwon gidansa, ina noma gonarsa, sai ranar da shanu biyar suka bayyana aka tuna ni ba nasu ba ne.

Mahaifiyata ce ta sasanta. Ta aika wa baffana cewa ya tafi da ni in zauna da su har ruwan farko, in ya ga ɗan ƙanensa a jikina ya ba ni, in bai gani ba ya riƙe. Ni kuma ta ce mini, "Ba don nono nake so ka je ba. Tsohuwar saniyar nan ita kaɗai ta rage a duniya cikin abin da ubanka ya taɓa da hannunsa, in ka cire ni da kai." Daga nan ban ƙara musu ba. Washegari na ɗaure ɗan bantena da rigata na bi bayan shanu, muka yi arewa wajen Tenhya.

Ranar da muka isa rugar, na ɗauka sarauta aka ba ni. Kowa ya fito. Yara suka cire mini hula suka gudu da ita. Mata suna cewa, "Ga Babarbarenmu ya zo, a ɓoye hatsi!" Samari 'ya'yan baffana suna kirana Kaɗo, wato wanda ba Bafulatani ba. Shi kansa baffana, da na zaci zai yi wata bai kula ni ba, sai ga shi da safe yana cewa, "Bawana, ka kwana lafiya ba daddawa?" Na ce a raina, af, ashe fushin na bakin ƙofa ne. Na saki baki. Su faɗi ɗaya in faɗi uku. Baffana ya yi ta wannan dariyar tasa har yana tari.

Na yi abubuwa a wata na farko, in na tuna yanzu sai in rufe fuska. Aka miƙo mini ƙwaryar nono, na kafa kai sai da na ga gindinta, na ce akwai saura? Ashe mutum kurɓa biyu yake yi ya ture ya ce ya ƙoshi, ko da hanjinsa na kiran sallah. Ƙaya ta soke ni na kurma ihun da ya tada garke guda, alhali ƙaramin yaronsu in kunama ta harbe shi sai dai ka ga yana kallon sama kamar yana tunanin damina. Na tambayi matar baffana sunan ɗanta na fari a gaban jama'a, ta ja mayafi ta shige bukka kamar na jefe ta. Duk abin da na yi sai a yi dariya, ni kuwa ina ta ƙara kumbura.

Saniyar ce kaɗai ba ta ga abin dariya ba. Tsohuwa ce, ja, ƙahonta ɗaya ya ɗan karkace. Ranar da aka nuna mini ita na je da fara'ata zan shafa ta, ta sunsune ni sau ɗaya, ta yi wani huci, ta sa ni a gaba. Na hau aduwa, ƙayoyinta da komai, ban ma ji su ba sai da na sauko. Yaran suka ce warin miyar kuka ta ji.

Akwai kakata a rugar, uwar mahaifina, tsohuwa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Ita tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, tana kirana mijinta. Wata rana da rana tsaka ina zaune kusa da ita tana kaɗa nono, na ce, "Matata, ki fara shiri. Ruwa na sauka zan kora shanuna, in ɗora ki a kan jaki mu tafi birni."

Ta ce, "Wane shanu?"

"Nawa mana. Ba ki ga yadda baffa ke ji da ni ba? Ko 'ya'yansa ba ya dariya da su kamar ni."

Ta ajiye abin kaɗin. Ta ce, "Miji, ashe ban da muni har da wauta aka haɗa maka? Ka taɓa ganin ya yi dariya da babban ɗansa?"

Na duba a raina. Ban taɓa gani ba.

"Ka taɓa jin ya kira sunansa? Ka taɓa ganin ya kalle shi ido da ido, ko sun ci abinci a ƙwarya ɗaya?"

Na ce, "Ai na ɗauka ba sa shiri ne."

"Ransa ne yaron nan. Shi ya sa. Namu kunyarsa muke ji, baƙo muke wa wasa. Duk dariyar da ake maka, ana gaya maka ne kai ɗan wani gari ne. Ruwa na sauka zai cika maka ɗan gora da man shanu, ya ce ka gai da Barebari."

Jama'a, na ji kamar takarkari ya taka ni. Wata guda ina rawa a kan kabarin shanuna ban sani ba! Na ce, "To yanzu ya zan yi?"

Ta ce, "Rufe bakin nan. In za ka iya. Ni dai na sa goro ba za ka kai jibi ba."

Ku da kuka san ni, ku yi tunanin wannan azaba. A gari an ce in zama Badagire sai na iya zagi, na koya har na fi masu abin. Nan kuma an ce in zama Bafulatani sai na zama kurma. Ba wanda ya taɓa tambayata ni me nake so. Kowa da awonsa, ni ne hatsin.

Na rufe baki. Da safe baffana ya ce, "Bawana, yau ba za a ci mutuncina ba?" Na durƙusa na gaishe shi na sunkuyar da kai. Ya ce, "A'a, Babarbare ba shi da lafiya, a nemo masa tuwo." Amsa ta taso mini har maƙogwaro, mai kyau, mai zafi, na haɗiye ta kamar garwashi. Aka miƙo nono na kurɓa biyu na ture, cikina na zagina da Dagiranci. Na rame har inuwata ta fara raina ni.

Maganganun da nake haɗiyewa kuwa sai suka fara hana ni sukuni. Sai na samo dabara. In muka kai shanu kiwo, sai in ware can nesa da sauran, in tsaya bayan tsohuwar saniyar nan, daidai inda ƙaho ba zai kai ba, in zazzage mata duk abin da na tara. Abin da zan ce wa baffa, abin da zan ce wa matarsa, har kwaikwayon tafiyar kowa. Da fari tana huci. Daga baya ta daina. Bayan kwana ashirin sai na ga in na fara magana tana matsowa tana tuƙa, kamar mai cewa, to, sai kuma me ya faru? Ita ce mai sauraro mafi haƙuri da na taɓa samu, ko matata ta gaskiya ba ta kai ta ba.

Aka shiga bazara, zafi kamar a gasa mutum, gajimare na taruwa yana watsewa. Baffana bai daina kirana bawansa ba. Kullum ya faɗa sai gabana ya faɗi, don na san ma'anarsa yanzu.

Sai ranar da abin ya faru. Rijiyoyin can ba irin na wasa ba ne, in ka jefa dutse sai ka yi alwala kafin ka ji ƙararsa. Takarkari ke jan igiya, mutum ɗaya na kora shi, wani na bakin rijiya yana karɓar guga yana juyewa a kwami. Ran nan ni ke korar takarkarin, baffana na karɓa. Ga jama'a, ga wani Babarbare mai jakuna da ya kawo hatsi yana musanya da man shanu, mutumin wani ƙauye kusa da namu, ya san ni sarai.

Ban san me ya firgita takarkarin ba, ya zabura. Igiya ta harɗe ƙafar baffana, ta ɗaga dogon mutumin nan ta maka shi cikin lakar da ke gefen kwami, wadda rabinta ba laka ba ce, kun gane. Ƙafafu a sama suna harbin iska, malfa ta yi gabas, sanda ta yi yamma, wani ɗan maraƙi ya zo yana lasar masa kai.

'Ya'yansa? Wallahi kamar ba a yi komai ba. Wannan na duba kofaton saniya, wancan ya ga wani abu mai muhimmanci a sararin sama. Ba wanda ya ko murmusa. Babarbaren nan kuwa ya zube ƙasa yana dukan cinya.

"Wayyo cikina! Fillo ya koma inda aka samo shi!" Ya hango ni. "Kai, ɗan gidan wance! Ɗan'uwa! Ga ranarka ta zo, faɗi wani abu mana!"

Ina da shi. Allah shaida ina da shi. Magana ce da in na faɗe ta, da har yau ana ba da labarinta daga Tanut zuwa Damagaram. Ta hau harshena ta zauna. Na dubi baffana yana ƙoƙarin tashi yana zamewa, na dubi tsohuwar saniyar tana tsaye a bakin kwami. Na cije harshe har na ji gishirin jini. Na juya baya na kama takarkarin na sassauta igiyar.

Amma wata biyu na magana ba ya komawa ciki haka nan. Dole ya fita ta wani wuri. Sai kawai na ji bakina ya juya kan mai jakuna.

Na ce, "Bawana, dariyar me kake? Shi laka ce, yanzu zai wanke. Kai wannan noman da aka yi maka a fuska wa zai wanke shi? An share an yi layi, ruwa kawai ake jira a zuba iri."

Mutumin ya buɗe baki. Ban bar shi ya rufe ba. Na ce hatsin da ya kawo rabi tsakuwa ne, kajinmu ma sai sun yi shawara kafin su ci. Na ce jakinsa ya fi shi sanin hanya da ladabi. Na ce, "An ce kakanka ya yi shekara bakwai a hanyar Makka, ya dawo aka taru aka ce me ka gano, ya ce ƙasar ba daddawa." Na cire masa hula na ce sai ya fanshe ta da mudun hatsi mai kyau, ba irin na sayarwa ba.

Sai na ji wani abu a bayana kamar ana tatsar nono. 'Ya'yan baffana ne, sun toshe baki da riga, kafaɗu na rawa. Matan da ke can gefe sun juya baya suna girgiza.

Mai jakuna ya ce, "La'ilaha! Kai ba a gabana aka raine ka da tuwon Dagirawa ba? Sai na gaya wa kawunka!"

Na ce, "Ka gaya masa ubangijinsa na gaishe shi."

Ina faɗa na yi nadama, amma ta riga ta fita.

Baffana ya tashi, ya wanke jikinsa, ya ɗauki malfarsa. Bai yi dariya ba. Bai dube ni ba. Washegari na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, a taƙaice, ba bawana ba komai. Jibi ma haka. Da na zo inda yake cin abinci sai ya juya baya. Na ce shi ke nan, na buɗe baki a gaban manya, na kashe kaina. Na je wurin kakata kamar zan yi kuka.

Na ce, "Matata, na ɓata. Kwana uku ko kallona ba ya yi."

Ta lalubo kaina ta dungure shi. Ta ce, "Kai dai ba a gama halittar kanka ba. Barka, wawa."

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara. Da safe ƙasa na ƙamshi, baffana ya tsaya a bakin garke ya nuna shanu biyar da sanda, ya ce wa babban ɗansa, ni ina tsaye a gabansa kamar kututture, "Ka ce wa wancan ya kora nasa. Ka ce masa kar ya ɗaure tsohuwar a turke, ba ta saba ba." Ɗan ya juyo ya maimaita mini, kamar daga Agadas aka aiko saƙon. Na fara tafiya ina surutuna, tsohuwar ta biyo ni, sauran suka biyo ta.

Kuna tsammani a gari an yi mini guɗa? Mai jakuna ya riga ni isa. Tun daga bakin rijiya abokina ya tare ni, wanda muka tashi tare muka saci gyaɗa tare, ya fizge malfar da aka ba ni ya ce, "A'a, Fillo! Bawana! Ina nonona?" Daga ranar bai ƙara zama da ni mun yi maganar kirki ta aminai ba sai da muka yi furfura. Na ce to, tunda haka ne, a yi ta. Na fara da mai gari, na ce masa bawana, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Na ji daɗi, na wuce gida na gwada a kan kawuna. Ya ɗauko ƙotar hauya ya bi ni har bayan rumbu.

"Ni kawunka ne, ɗan banza!"

Na ce, "Ai kai ka ce ni ba Badagire ba ne!"

"A waje! A gidan nan ɗan ƙanwata ne kai!"

To ku gaya mini, wane mai hankali ne zai iya da mutanen nan? Mahaifiyata dai ba ta shiga ba. Ta fito ta tsaya gaban tsohuwar saniyar ta daɗe, ta ɗora hannu a wuyanta, saniyar da ta hau da ni aduwa ko motsi ba ta yi ba.

Yanzu in na ga yaro na ta haƙilo, yana sauya magana, yana sauya tafiya don wasu su ce nasu ne, ba na yi masa dariya sosai. Na san ba shi ya zaɓa ba. Mutane ne ke gaya maka ko kai waye, kuma ba da baki suke faɗa ba, sai ka lura da wanda ke tsokanarka da wanda ke jin nauyinka. Ni na gama da zama Bafulatani a gari, ɗan gari a ruga, dillalin shanu a kasuwa inda ba mai tambayar kowa zanensa in dai cinikin ya faɗa.

Amma abin da ke ci mini rai har gobe daban ne. Baffana ya ƙara shekara wajen ashirin a duniya, duk rani ina zuwa gaishe shi, kuma ban ƙara jin dariyar nan tasa ba ko sau ɗaya. In na iso sai ya ɗaure fuska ya kalli gabas. Na sha cewa a raina na yi cinikin wauta, na ba da dariyar da ta fi kowace a Damargu na karɓi shanu biyar.

Sai ranar da muka binne shi, muna dawowa, babban ɗansa ya ce mini, "Ka san duk zuwan da kake yi, kana juya baya yake tara yara ya ce, me wancan ya ce wa Barebari a rijiya yau? Su faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta dariya har sai an ba shi ruwa."

Na tsaya a tsakiyar hanya. Shekara ashirin! Tsohon nan yana shan labaraina ta bakin yara masu majina, waɗanda na tabbata rabi suke ɓatawa, ni mai abin ina can ina sunkuyar da kai kamar na zo ta'aziyya. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya dace da shi, sai na tuna baffana ne, kuma ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.

Na haɗiye. Ita ma tana nan a cikina har yau.